Laburaren Jami'a, Hukumomin Gwamnati ko Intanet: Ina Ɗalibin Kimiyyar Ƙasa Zai Nemi Taswira da Bayanai?

Ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a sashen jiyoloji, wato ilimin duwatsu, ko na labarin ƙasa, haka nan wanda ya fara digiri na biyu, da zarar an amince da taken bincikensa sai ya fuskanci tambayar da ba a cika koyar da amsarta a aji ba, wato daga ina zai samo taswirar yankin da zai yi aiki a kansa da kuma bayanan da magabata suka tattara game da shi. Kuɗin hannunsa kaɗan ne, watannin da suka rage masa ma kaɗan ne, shawarwarin da yake ji kuma sun saɓa wa juna. Wani zai ce masa ya tattara ya tafi Kaduna ko Abuja ya sayi bayanan hukuma, wani zai ce komai yana intanet kyauta, malamin da ke duba aikinsa kuwa zai tura shi laburare ya karanta abin da aka riga aka rubuta. Hanyoyin da ke gabansa guda huɗu ne: kayan takarda da ke laburaren jami'a da ɗakin taswira na sashe, sashen intanet na laburaren da mujallun da jami'a ke biyan kuɗinsu, hukumomin gwamnati masu zana taswira da awon ƙasa, sai kuma rumbunan ƙasashen waje da ke ba da hotunan tauraron ɗan'adam kyauta.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne sikeli. A taswirar 1:50,000, santimita biyu a takarda daidai suke da kilomita ɗaya a ƙasa. A ta 1:100,000, santimita ɗaya ne kilomita ɗaya. Taswirar duwatsun Nijeriya gaba ɗaya, wadda ake liƙawa a bangon ofisoshin sashe, sikelinta 1:2,000,000 ne, ma'ana santimita ɗaya ya haɗiye kilomita 20, kuma layin da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba ya rufe kilomita biyu na ƙasa. Duk wanda ya yanko gundumarsa daga irin wannan taswira ya faɗaɗa ta a kwamfuta ya sa a babi na biyu, to bai ƙara mata gaskiya ko kaɗan ba, kuskurenta kawai ya faɗaɗa.

Yana da kyau a san yadda aka yanka Nijeriya a tsarin taswira, domin da wannan harshen ake magana a laburare da ofisoshin safiyo. An raba ƙasar zuwa falle-falle na 1:100,000, kowane falle rabin digiri ne a tsaye da a kwance, kimanin kilomita 55 kowane gefe, kuma yana da suna da lamba: Kano lamba 81, Funtuwa 78, Zariya 102, Kaduna 123, Naraguta da ta ƙunshi Jos 168. Kowane falle an sake raba shi gida huɗu na 1:50,000, arewa maso yamma, arewa maso gabas, kudu maso yamma da kudu maso gabas. Ɗalibin da ya je ya ce yana neman "taswirar ƙauyenmu" zai sha wahala, amma wanda ya ce yana son Zariya 102 kudu maso yamma, nan take za a gane abin da yake nufi.

Ma'auni na biyu shi ne shekarun bayanin. Duwatsu ba sa sauya wuri a cikin shekara hamsin, amma hanyoyi da garuruwa da madatsun ruwa da gonaki suna sauyawa, saboda haka tsufan taswira aibu ne ga wani bincike, ga wani kuma shi ne darajarta. Sauran ma'aunan su ne kuɗi, da ɗorewa, wato ko bayanin zai kasance a inda aka same shi idan mai jarrabawa ya so ya tabbatar, da sauƙin samu da na sarrafawa, da kuma haɗarin da ke tattare da dogara da shi.

Kayan takarda: laburaren jami'a da ɗakin taswira na sashe

Manyan laburarori na jami'o'in Arewa da suka daɗe, irin su Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Laburaren Ramat na Jami'ar Maiduguri, suna ajiye littattafai da mujallu da kundayen digiri, yayin da taswirori da hotunan jirgin sama akasari sukan kasance a hannun sassan jiyoloji da labarin ƙasa. Don haka ɗalibi ya ɗauki wuraren biyu a matsayin abu ɗaya, ya kuma san ma'aikacin da ke riƙe da makullin kowanne.

Abu na farko da ake nema a nan shi ne rahotannin Hukumar Binciken Duwatsu ta Nijeriya. An fara safiyon ma'adinai a Arewa a 1904, J. D. Falconer ya wallafa littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Nijeriya a 1911, sannan aka kafa hukumar kanta a 1919. Daga nan ta riƙa fitar da rahotanni masu lamba, da yawansu da taswira a naɗe a cikin aljihun bango. Mai lamba 30 na 1963 ya yi bayanin sassan lardunan Adamawa da Bauci da Borno, mai lamba 32 na 1971 kuma ya yi na tsaunukan Jos. Har yau duk wanda zai yi magana kan duwatsun yashi na Bima, ko kan tsaunukan da ke ɗauke da kuza da kwalambayit, daga waɗannan rahotanni yake tashi, ko ya karanta su da kansa ko ya kwafo daga wanda ya karanta. Bambancin biyun yana fitowa a ranar kare kundi.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne dukiyar da babu ita a ko'ina sai a nan, shi ne kundayen ɗaliban da suka gabata. Shekaru da dama ana tura ɗalibai daji su zana taswirar ɗan yanki a sikelin 1:25,000 ko 1:50,000, su auna karkatar duwatsu, su ɗebo samfuri, su yanka shi siriri su duba a madubin ƙara girma. Mafi yawan wannan aiki ba a taɓa buga shi a mujalla ba, yana nan a kan kanta cikin bango mai kauri. Darajarsa ta ƙaru a 'yan shekarun nan saboda matsalar tsaro, domin yankunan da ke da duwatsu masu zinare, kamar Anka da Maru da Birnin Gwari, sun zama wuraren da malami mai hankali ba zai tura ɗalibi shi kaɗai da guduma da kamfas ba. Kundin da aka rubuta a shekarun 1970 ko 1980, lokacin da ake kwana a ƙauyukan nan cikin kwanciyar hankali, shi ne sau da yawa shaidar ido kaɗai da mai bincike na yau zai iya kafa hujja da ita.

Ta fuskar kuɗi wannan hanya ta fi kowace araha, domin katin laburare ya isa, sai kuɗin fotokofi ko na ɗaukar hoton babban falle a shagon da ke da na'urar da ta isa faɗinsa. Ɗalibin wata jami'a yakan buƙaci takardar gabatarwa daga laburaren makarantarsu. Ta fuskar ɗorewa kuwa, takarda tana da abokan gaba: gara, ɗanshin damina, ƙurar hunturu, da hannun masu naɗewa da buɗewa har layin naɗi ya yage. Akwai kuma mugun halin zare taswira daga aljihun rahoto a tafi da ita, wanda ke barin littafin ba shi da rabin amfaninsa. Ba a ba da aron taswira ko kundi a fita da shi, kuma kundin rajistar kayan ba kullum yake nuna duk abin da ke cikin durowa ba, shi ya sa tambayar tsohon ma'aikaci ta fi duba kati sauri.

Haɗarinta biyu ne. Na ɗaya, taswirorin tudu da kwari na 1:50,000 akasarinsu an zana su ne daga hotunan jirgin sama da aka ɗauka tsakanin shekarun 1950 zuwa 1970, don haka wadda aka zana kafin 1974 ba za ta nuna tafkin Tiga ba, kuma unguwannin da suka mamaye gefen Kano da Kaduna a yau za su bayyana a matsayin gonaki. Na biyu, kundin ɗalibi ba wahayi ba ne. Wani ya taka kowane dutse da ƙafarsa, wani kuma ya zauna a ƙarƙashin bishiya ya ja layi. Ana gane na kirki ta hanyar duba ko akwai taswirar wuraren da ya tsaya, da lambobin samfuri, da awon da ya dace da abin da maƙwabtansa suka samu.

Sashen intanet na laburare

Yawancin jami'o'in gwamnati suna da ɗakin kwamfutoci a laburare, da yawa da tallafin asusun TETFund, inda ake shiga rumbunan mujallu da jami'a ta biya wa kuɗi. Ga mai binciken ƙasa, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya samu shiga mujallu irin su Journal of African Earth Sciences, da Journal of Mining and Geology ta ƙungiyar masana ma'adinai da kimiyyar ƙasa ta Nijeriya, da tarin mujallun Afirka da ke rumbun AJOL. Ya kuma tambayi ma'aikata ko jami'ar tana da rajista da shirin Research4Life, wanda ke da reshe na musamman kan muhalli mai suna OARE. Wasu jami'o'in sun fara ɗora kundayen digiri a rumbunsu na intanet, kamar rumbun Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello, abin da ya sauƙaƙa wa ɗalibin da ke Gombe ko Katsina karanta aikin da aka yi a Zariya ba tare da ya hau mota ba.

Ɗalibi ba ya biyan komai a nan ban da abin da ya riga ya biya na makaranta, alhali maƙala guda a wajen manyan kamfanonin ɗab'i tana iya cin dalolin Amurka masu yawa idan mutum zai saya da kansa. Sai dai damar shiga tana rataye ne da biyan kuɗin shekara-shekara, da wutar lantarki, da ƙarfin intanet na ranar, don haka abin da aka gani yau a sauke shi yau. Raunin wannan hanya ga mai neman taswira shi ne, maƙala tana ba da sabuwar fassara da sakamakon awon sinadarai da shekarun duwatsu, amma taswirar da ke cikinta ƙarama ce, an matse ta a rabin shafi, ba ta isa a fita daji da ita ba. Kundayen da aka ɗora a intanet ma sau da yawa ba a haɗa da babban fallen da ke aljihun baya. Haɗarin da ya fi girma kuwa shi ne mujallun da ke buga duk abin da aka biya su ba tare da masana sun tantance ba, kuma yankinmu ya cika da maƙalun irin waɗannan, masu maimaita bayani guda da kuskure guda daga hannu zuwa hannu.

Hukumomin gwamnati

Hukumar Binciken Duwatsu ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NGSA, tana da hedikwata a Abuja da ɗakunan gwaje-gwaje a Kaduna, kuma ita ce ke riƙe da taswirorin duwatsu da na ma'adinai na ƙasa da na jihohi. Abin da ya fi jan ɗaliban digiri na biyu zuwa wurinta shi ne bayanan awon jirgin sama. A shekarun 1970 an yi awon maganaɗisun ƙasa da jirage masu bin layukan da ke da tazarar kilomita biyu. Tsakanin 2003 da 2010 aka sake yin sabon awo, wanda kamfanin Fugro ya gudanar, da tazarar mita 500 tsakanin layuka, jirgin kuma yana tafiya kimanin mita 80 daga ƙasa, aka auna maganaɗisu tare da hasken da fotashiyam da toriyam da yuraniyam ke fitarwa. Ana ba da bayanan ne falle-falle bisa lambobin nan da aka ambata. Amfaninsu shi ne suna nuna abin da ido ba ya gani, wato tsagogi da iyakokin duwatsu da marmara ko yashi ya binne, da kuma kaurin ƙasar da ta kwanta a kan dutsen asali a kwarin Sakkwato ko na Chadi.

Taswirorin tudu da kwari kuwa hakkin Ofishin Safiyo-Janar na Tarayya ne, da ofisoshin safiyo na jihohi. Mai binciken ruwa zai buƙaci wasu ƙofofin daban: hukumomin samar da ruwa na karkara a jihohi, inda ake ajiye rahotannin haƙa rijiyoyin burtsatse, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, da hukumar hasashen yanayi ta NiMet domin alƙaluman ruwan sama.

Wannan ita ce hanya mafi tsada. Ana biyan kuɗin kowane falle, ga kuɗin mota da masauki, ga takardar neman izini daga shugaban sashe, ga jiran a sa hannu. Kafin a tashi, ya kamata a tambayi farashi na lokacin da ko akwai rangwame ga ɗalibai, a kuma bincika ko sashen ya riga ya sayi fallen da ake so domin wani aikin, tunda hakan na faruwa fiye da yadda ɗalibai ke zato. Bayanan suna da ɗorewa, domin suna da uwa a gindin murhu, kuma babu mai jarrabawar da zai tuhumi asalinsu. Wahalarsu tana wajen sarrafawa. Abin da za a miƙa wa ɗalibi jerin lambobi ne, sai ya samu manhajar da ta dace, wadda mafi shaharar cikinsu tana da tsada, sai kuma ya samu wanda zai koya masa ma'anar abin da yake dannawa. Na sha ganin kundaye cike da taswirori masu launin ja da shuɗi, kyawawa a ido, amma marubucin bai iya faɗin wane dutse ne ya haifar da wane launi ba. A kuma tuna cewa awon da ke da tazarar mita 500 ba zai nuna jijiyar farin dutse mai faɗin mita biyar ba, iyakarsa ya nuna babbar tsagar da jijiyar ke iya bi.

Rumbunan kyauta na intanet

Tun 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta buɗe hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat ga kowa kyauta ta shafinta na EarthExplorer. Tarihin hotunan ya faro daga 1972, kuma na zamanin nan kowane ɗigo na hoton yana wakiltar mita 30 a ƙasa. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna kaiwa mita 10 a wasu launukan, suna kuma sake bi ta kan wuri guda kusan duk kwana biyar. Domin tudu da kwari akwai bayanan SRTM, waɗanda aka auna da rada daga kumbo a watan Fabrairun 2000, na Afirka mai ɗigon mita 30 kuma aka buɗe shi ga jama'a a 2014. Manhajar QGIS, wadda ba a biyan ko kwabo, ta isa ta buɗe duk waɗannan. Akwai kuma tsofaffin rahotanni da aka ɗora kyauta, misali na USGS na 1973 kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a kwarin Sakkwato, da na 1968 kan na yankin Chadi a masarautun Borno da Dikwa, da kuma kundin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Afirka da hukumar binciken duwatsu ta Birtaniya ta shirya, wanda ke da shafi kan Nijeriya da wani kan Nijar.

Kyauta ce, amma ba a rasa kashe kuɗi ba, domin hoto guda na Landsat ko Sentinel-2 yana iya kai gigabait ɗaya, kuma mai nazarin sauyin shekaru zai buƙaci da yawa, ga buƙatar kwamfutar da za ta iya ɗauka. Hikima ita ce a sauke su da intanet ɗin laburare. Batun ɗorewa yana da fuska biyu: hotunan suna nan a rumbu da lambarsu da kwanan watansu, kowa zai iya sake saukewa ya tabbatar, amma ƙofofin shiga suna sauyawa, kamar yadda aka rufe tsohon shafin Copernicus, inda ake sauke hotunan Sentinel-2, a 2023 aka koma sabo, saboda haka lambar hoton da ranar ɗaukarsa ake rubutawa a kundi, ba adireshin shafi kaɗai ba.

Ƙarfin wannan hanya shi ne lokaci. Babu wata taswirar takarda da za ta nuna yadda Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye bayan farin shekarun 1970 da 1980, ko yadda ramukan haƙar zinare ke yaɗuwa daga shekara zuwa shekara. Rauninta kuma shi ne fatar ƙasa kawai take gani. A damina gajimare da ciyayi suna rufe komai, a tsakiyar hunturu hazo yana dusashe hoto, ƙonen daji kuma yana barin baƙin tabo da sabon hannu zai iya ɗauka dutse ne. Inda marmara ta shimfiɗu, hoton zai nuna marmarar, ba abin da ke ƙarƙashinta ba. SRTM shi ma saman bishiyoyi da rufin gidaje yake aunawa, kuskurensa a tsaye yana kai mitoci da dama, wanda ba komai ba ne a tsaunukan Jos, amma a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda ƙasa take shimfiɗe, kuskuren yana iya fin gangaren gaskiya, har kwamfuta ta zana rafi inda babu shi.

Haɗarin da ke tasowa idan an haɗa su

Kusan kowa zai ƙare da haɗa hanya biyu ko uku, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi ɓata aiki. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su ne a kan tushen awo na Minna, wato mafarin da ake ƙirga matsayin kowane wuri daga gare shi, yayin da na'urar GPS da hotunan tauraron ɗan'adam ke amfani da tushen awo na duniya mai suna WGS84. Idan aka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba tare da an gaya wa manhaja ba, wuri guda zai goce da gomman mitoci, abin da ya isa ya mayar da rijiya ƙetaren rafi ko ya sa samfuri a kan dutsen da ba nasa ba. Haka nan Nijeriya ta faɗa cikin shiyyoyi uku na UTM, tsarin da ya yanka duniya shiyya-shiyya domin ba wurare lambobi a taswira: Sakkwato tana ta 31, Zariya da Kano suna ta 32, Maiduguri tana ta 33. Layukan tsayi a tsofaffin fallaye kuma da ƙafa aka rubuta su, ba da mita ba. Duk wannan yana rubuce a gefen taswira, wurin da mai fotokofi yakan yanke domin ya rage takarda, don haka a nace a ɗauki fallen har gefensa.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kayan takarda na laburare da sashe | Kaɗan, fotokofi kawai | Gara, ɗanshi da sata na barazana | Sai an je da ƙafa, ba a ba da aro | Tsufa, da kundin da ba a yi shi da gaskiya ba |
| Sashen intanet na laburare | Babu ga ɗalibi | Ya dogara da biyan jami'a | Mai sauƙi idan akwai wuta | Mujallun da ba a tantance ba, ƙananan taswirori |
| Hukumomin gwamnati | Mafi tsada, har da tafiya | Mai ƙarfi | Takardar izini, jira, manhaja ta musamman | Fassara ba tare da fahimta ba |
| Rumbunan kyauta | Kuɗin data da kwamfuta | Hotuna na nan, shafuka na sauyawa | Ana farawa nan take | Saman ƙasa kaɗai suke gani |

Wa ya kamata ya bi wace hanya

Ɗalibin ajin ƙarshe da aka ba shi ɗan yanki ya zana duwatsunsa, ya fara da ɗakin taswira na sashe. Fallen 1:50,000 da kundaye biyu ko uku na yankunan da ke maƙwabtaka da nasa sun ishe shi, sai ya ƙara da hoton Sentinel-2 na farkon rani domin ya ga sababbin hanyoyi da inda duwatsu suka fito fili kafin ya fita. Sayen bayanan maganaɗisu a wannan mataki ɓarnar kuɗi ce, gara ya kashe su wajen ƙarin kwanaki a daji da yanka samfuri.

Mai digiri na biyu ko na uku da ke neman tsagogin da ke ɗauke da ma'adinai, ko kaurin ƙasa a kwarin Chadi ko na Binuwai, ba shi da makawa sai ya je NGSA, amma ya jinkirta tafiyar har sai ya gama karatun laburare ya san lambobin fallayen da yake buƙata, ya kuma tabbatar da manhaja da malamin da zai jagorance shi. Idan yankinsa yana cikin wuraren da tsaro ya hana shiga, to tsofaffin kundaye da rahotannin hukuma su ne za su tsaya masa a madadin tafiya, kuma wajibi ne ya faɗi hakan a fili a cikin aikinsa.

Mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ba rahotannin haƙa rijiyoyi fifiko a kan komai, domin rahoto guda mai nuna zurfin da aka samu yashi da yumɓu da ruwa ya fi hotuna goma. Idan aikinsa a Sakkwato ko Kebbi yake, ya haɗa rahoton USGS na 1973 da abin da ke Laburaren Abdullahi Fodiyo, ya kuma tuna cewa kwarin Sakkwato ɓangare ne na babban kwarin Iullemmeden da ya shimfiɗu cikin Nijar, inda aka rubuta akasarin bayanai da Faransanci, taswirori kuma a sikelin 1:200,000 aka fi samun su. Hakan ya shafi ɗalibin Nijar da ke aiki a bakin iyakar Sakkwato ko Kebbi, wanda shi ma zai buƙaci rahotannin Nijeriya kan shimfiɗar duwatsun Gwandu da Kalambaina, bayan abin da zai samu a cibiyar taswira ta ƙasa da ke Yamai.

Mai nazarin zaizayar ƙasa, ko hamada, ko faɗaɗar birane, rumbunan kyauta su ne gidansa, sai dai ya nemi tsohon falle ko hoton jirgin sama daga sashen labarin ƙasa domin ya samu mafarin da ya girmi 1972, ya kuma ware kuɗin zuwa ya duba wasu wuraren da idonsa kafin ya amince da abin da kwamfuta ta rarraba masa. Wanda kuma ba ɗalibi ba ne, kamar mai kamfanin haƙa rijiya ko mai neman lasisin ma'adinai, taswirar hukuma ita ce wadda za a karɓa daga hannunsa a ofis, amma yini guda a ɗakin kundaye na jami'ar da ta fi kusa da filinsa, da takardar izini daga shugaban laburare, yana iya nuna masa ko wani ya taɓa auna wurin kafin ya ɗauko injin haƙa.